“A danginmu babu wannan”: yadda gado ke ɓuya a jikin iyaye ya fito a jikin ƴaƴa

Abin yakan fara ne sa'ad da jariri ya kai wata shida ko bakwai. Hannuwansa da ƙafafunsa su kumbura, ya yi ta tsala kuka dare da rana, zazzaɓi ya ƙi sauka. A kai shi asibiti, a ɗebi jini, takarda ta fito da haruffa biyu: SS. Uwa lafiyarta lau, uba ma haka, ga yayyen jaririn nan biyu suna guje-guje a tsakar gida babu abin da ke damunsu. Daga nan sai tsegumi ya tashi, kuma kusan kullum da magana ɗaya yake farawa: “Mu dai a danginmu babu wannan.” Wanda ya ji ta a Maraɗi zai ji ta a Garwa, zai ji ta a unguwar Birikitari ta Yawunde, zai ji ta a zangon Kumasi. Galibi kuma a kan uwar yaron ake sauke kayan.

Cutar ita ce amosanin jini, wadda a Najeriya aka fi sani da sikila, a Nijar ake ce mata emasi, likitocin ƙasashen da ke aiki da Faransanci kuma su rubuta drépanocytose a takarda. Tun 1949 masana suka tabbatar cewa yaro ba ya zuwa da ita sai uwa ta ba shi rabi, uba ya ba shi rabi. Ke nan tana cikin dangin biyu, ko da kuwa a iya sanin tsofaffin gidan babu wanda ya taɓa kwanciya saboda ita. To, ta yaya abu zai zauna a jikin mutum shekara da shekaru bai nuna alama ba, sannan ya fito a jikin ɗansa ko jikansa? Amsar wannan tambaya ita ce tushen ilimin gado, kuma ita ce ke bayyana haihuwar zabiya a gidan baƙaƙe, da dalilin da ya sa ƴan ɗaki ɗaya ba sa kama da juna.

Lambun wake a birnin Brno

Yawancinmu mun tashi da tunanin cewa jinin uwa da na uba cakuɗuwa suke yi, kamar a dama fura da nono: da zarar sun haɗu babu mai raba su. Masanan Turai ma haka suka ɗauka har tsakiyar ƙarni na 19. Wanda ya rushe wannan tunani wani malamin coci ne mai suna Gregor Mendel, a birnin Brno da ke cikin Jamhuriyar Cek ta yau. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka waken Turawa, wanda Faransawa ke kira petit pois, kusan tushe 28,000 a lambun gidan ibadarsu. Ya riƙa ɗebe ƙurar furen wannan yana shafa wa wancan da hannunsa, sannan ya yi abin da na gabansa ba su damu da yi ba: ya zauna ya ƙirga.

Ya aura dogon wake da gajere. Da a ce cakuɗuwa ake yi, da sai a samu matsakaici. Amma duk ƴaƴan suka fito dogaye, gajarta ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Sai ya bar waɗannan dogayen suka yi ƴaƴa su ma, ya shuka. A cikin jikokin ya ƙirga dogaye 787, gajeru 277. Gajartar da ta ɓace ta dawo daram, ba ta sirku da komai ba. Ya gwada da siffar ƙwaya, ya samu mai sumul 5,474, mai yamutsattsen baya 1,850. A siffofi bakwai da ya bi, lissafin bai kauce ba: kusan uku bisa ɗaya.

Ga yadda ya warware abin. Kowace siffa akwai abin da ke ɗauke da ita, wanda a yau muke kira ƙwayar gado. Kowane mai rai yana riƙe da biyu-biyu na kowace, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan biyun suka bambanta, sau da yawa ɗaya kan rinjayi ɗaya, ita ake gani a zahiri, ɗayar kuma ta laɓe. Amma laɓewa ta yi, tana nan yadda take. In an zo haihuwa, kowane mahaifi ɗaya kawai yake miƙawa daga cikin biyun nan nasa, kuma ba shi ke zaɓa ba. Ranar da mai laɓewa daga wajen uwa ta gamu da ƴar'uwarta daga wajen uba, babu sauran mai danne su, sai siffar ta bayyana.

Mendel ya wallafa wannan aiki a 1866, babu wanda ya kula. Ya rasu a 1884. Sai a 1900 wasu masana tsirrai uku, kowa a ƙasarsa, suka sake cin karo da lissafin, aka tono takardarsa.

Manomanmu sun san wannan lissafi a gona ko da ba su san sunan mai shi ba. Wanda ya sayi irin masara mai aure, wato wanda kamfani ya haɗa iri biyu ya fitar, yakan ga gonarsa bai ɗaya a shekarar farko, tsayi ɗaya, goyo ɗaya. In ya ajiye iri daga girbinsa ya shuka baɗi, sai gona ta fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Yakan ce ƙasa ce ta gaji ko an cuce shi. Jikokin Mendel ne suka fito masa. Haka kuma wake, da yake furensa kansa yake aura, yakan riƙe kamanninsa shekaru, alhali gero, da iska ke kwasar ƙurarsa daga gona zuwa gona har da ta geron daji, ba ya rabuwa da shibra.

Zare 46

Abin da Mendel ya gano da ƙirga, daga baya an gan shi da madubin likita. Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. A cikin kusan kowace akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromozom, a jere biyu-biyu, 23 daga uwa, 23 daga uba. An tabbatar da wannan adadi a 1956. Zaren an yi shi ne da sinadarin da ake kira DNA, ko ADN a Faransanci, wanda yake tamkar dogon rubutu da haruffa huɗu kacal. Rabon da kowane mahaifi ke bayarwa ya kai haruffa biliyan uku. A cikin wannan rubutu akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000, kowace umarni ce ga jiki kan yadda zai ƙera wani abu: launin fata, sinadarin da ke narkar da madara, abin da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni.

Ƙwan mace da ƙwayar maniyyin namiji su kaɗai ne ke ɗauke da 23 maimakon 46. Wajen haɗa su, jiki yakan ɗauki zare ɗaya daga kowane biyu, wani na kaka wani na kakan, babu tsari. Hanyoyin da za a iya yin wannan zaɓi sun haura miliyan takwas ga mutum ɗaya. Kafin rabuwar ma, zarurrukan kan yi musayar gutsattsari a tsakaninsu, abin da ke sa adadin ya wuce lissafi. Shi ya sa mace za ta haifi goma da miji ɗaya, babu biyu masu kama sak, in ba tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ba. Ƙari a kan haka, kowane jariri yana zuwa da sababbin canje-canje kimanin 60 zuwa 70 a cikin rubutun nan, waɗanda babu su a jikin uwa ko uba. Kusan dukkansu ba sa yin komai. Jefi-jefi ɗaya kan faɗa a wuri mai muhimmanci.

Harafi ɗaya da ya sauya

Sikila daga irin wannan canji ta samo asali, dubban shekaru da suka wuce. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin, shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Umarnin ƙera wani sashe nasa yana kan zare na 11. Harafi ɗaya ne ya sauya a cikin umarnin, sai himogulobin da aka saba da shi, mai suna A, ya koma wani mai suna S. Idan iska ta yi ƙaranci, S kan sandare ya lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma kamar lauje. Irin waɗannan ƙwayoyi sukan maƙale a ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashi mai tsanani yake zuwa. Kuma ba sa daɗewa: lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, mai lauje kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ba ya isar mai cutar. Dalilin da ya sa jariri ke yin watannin farko lafiya shi ne yana aiki da wani himogulobin na zaman ciki, wanda ke raguwa a hankali bayan haihuwa.

Mutum AA ya samu A daga uwa da uba. Mutum SS ya samu S daga su biyun, shi ne mai cutar. Mutum AS kuwa yana da ɗaya-ɗaya, kuma A ɗin nan ta ishe shi ya yi noma, ya yi dako, ya haihu, ya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba. Iyayen jaririn da muka fara da shi duka AS ne.

A nan ne ake yawan kuskuren lissafi, har da waɗanda suka yi boko. Ana cewa idan AS ya auri AS, “ɗaya cikin huɗu” zai zama SS. Sai wasu su ɗauka cewa ɗa na huɗu ne abin zai faɗa wa, su ce bari mu haifi uku mu tsaya. Wasu kuma da suka haifi SS a farko su ce an wuce wurin, ukun da ke tafe lafiyayyu ne. Duka biyun kuskure ne mai tsada. A ɗauki kwabbai biyu na dala biyar, ɗaya na uwa ɗaya na uba, kowane an rubuta A a fuska ɗaya, S a ɗayar. Kowane ciki jefa kwabban nan ne sabo, kuma kwabo ba ya tuna yadda ya faɗi jiya. A kowane jefi, damar AA ɗaya ce cikin huɗu, AS biyu cikin huɗu, SS ɗaya cikin huɗu. Iyali na iya haihuwar shida babu SS ko ɗaya, maƙwabtansu su haifi uku a jere duka SS. In aka buga lissafin, ma'aurata AS da AS da suka haifi huɗu, damar su tsira babu SS ko ɗaya kashi 32 ce cikin 100. In suka haifi shida, ta sauka zuwa kashi 18.

Idan AA ya auri AS, babu SS a cikin ƴaƴan, sai dai kowane ciki rabi da rabi ne tsakanin AA da AS. Idan AA ya auri SS, duk ƴaƴan AS za su zama, masu lafiya. Wannan ya kamata a faɗa da babbar murya, domin akwai ƴan mata da samari SS da ake gudu a wajen aure kamar duk wanda ya aure su zai haifi marasa lafiya.

Me ya sa ta yi yawa a yankinmu?

Abin da ke kashe yara ya kamata a ce ya ƙare da kansa cikin ƙarnoni. Amma a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar a ƙasar kowace shekara. A Gana, kusan biyu cikin kowane jarirai 100. Likitan nan ɗan Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi salsalar cutar a cikin danginsa har zuwa 1670, shaidar cewa kakanni sun san ta tun kafin wani likita a birnin Shikago na Amurka ya fara bayyana ta a rubuce a 1910.

Sauro ne ya riƙe ta. A 1954 Anthony Allison, da ya yi bincike a gabashin Afirka, ya nuna cewa yara AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro. Binciken da ya biyo baya ya nuna S guda ɗaya na rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 90 cikin 100. A ƙauyen da zazzaɓi ke ɗauke yara kowace damina, AS ne suka fi rayuwa su girma su haihu, da haka S ta yi ta yaɗuwa. Garkuwa ce ga mai ɗaya, masifa ga mai biyu. Kada dai AS ya ji haka ya naɗe gidan sauronsa: yana kamuwa da zazzaɓi kamar kowa. Ga SS kuwa zazzaɓin ya fi haɗari fiye da ga kowa.

Akwai harafi na uku da masu karatunmu na Gana, Togo, Benin, Burkina Faso da yammacin Nijar ya kamata su riƙe, wato C. Wani canji ne daban a daidai wurin da S ta faru, ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, kuma shi ma yana ba da kariya daga zazzaɓi. Mutum AC lafiyarsa lau. Amma in ya auri AS, kowane ciki na da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. Yakan fi SS sauƙi, wani sai ya girma kafin a gane, sai dai yana taɓa ido da ƙashin ƙugu, kuma yana wahalar da mace lokacin goyon ciki. Bahaushen da iyayensa suka fito daga Katsina ya tashi a Tamale ya auri ƴar can, maganar C ta shafe shi.

Zabiya da auren zumunci

Zabiya ma a kan wannan doka take tafiya. Fata na samun duhunta daga wani sinadari mai suna melanin. Idan mutum ya gaji ƙwayar da ba ta aiki daga uwa, ya gaji irinta daga uba, jikinsa ba ya iya ƙera sinadarin yadda ya kamata. Iyayen baƙaƙe ne wuluk, kowane yana ɗauke da ɗaya a laɓe, kuma kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne. Mawaƙin nan na Mali, Salif Keita, haka aka haife shi. Babu hannun aljani a ciki, babu abin da uwa ta ci ko ta kalla, babu wani baƙon namiji. Abin da yaron ke buƙata shi ne hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana, da kujerar gaba a aji saboda raunin gani, domin rana ce babbar abokiyar gabarsa, ita ke jawo masa sankarar fata.

Wannan ya kawo mu ga magana mai nauyi. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da wasu ƴan ƙwayoyi masu lahani a laɓe. In ya auri bare, da wuya a ce irin nasa ne ita ma take ɗauke da su. Amma ɗan wa da ƴar ƙane kakanninsu ɗaya, kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu daga tushe ɗaya suka zo, don haka damar masu laɓewa su gamu ta fi yawa. A auren bare, jarirai biyu zuwa uku cikin 100 ne ke zuwa da wata babbar matsala ta haihuwa. A auren ƴaƴan wa da ƙane adadin kan kusan ninkawa. Wato mafi yawan ƴaƴan auren zumunci lafiyayyu ne, kuma bai dace a tsorata mutane da abin da lissafi bai faɗa ba. Inda ya kamata a tsaya a yi tunani shi ne gidan da ake ta maimaita auren tun kaka da kakanni, kuma aka ga kurumta ko wata cuta tana dawowa a cikin yara. A zangon da Hausawa ba su da yawa, inda kowa ɗan'uwan kowa ne kuma ana son a aurar a gida don kada harshe da addini su salwanta, wannan tambaya ba ta nesa ba ce. Game da sikila dai, auren bare ba kariya ba ne, tunda S ta cika gari.

Mai haihuwar mata

Daga cikin zarurrukan nan 46, biyu ne ke yanke ko jariri namiji ne ko mace. Mace tana da X biyu. Namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Duk ƙwan da mace ta saki X ne a cikinsa, ba ta da wani abin bayarwa. Ƙwayoyin maniyyi ne suka kasu biyu, rabi X rabi Y. In mai X ta riga isa, a haifi mace, in mai Y ce, a haifi namiji. Wata masaniya Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ta gano wannan tun 1905 a jikin ƙwari. Matar da ake yi wa gori ko a yi mata kishiya don ta jera mata biyar, ana tuhumarta ne a kan abin da daga wajen mijin ya zo, shi ma kuma ba da zaɓinsa ba.

Da yake namiji X ɗaya gare shi, in aka samu lahani a kanta babu ta biyu da za ta rufa masa asiri. Shi ya sa wasu larurori suka fi kama maza, suna bi ta wajen uwa lafiyayya. Wadda ta fi shafar yankinmu ita ce ƙarancin sinadarin G6PD, mai sa jajayen ƙwayoyin jini su farfashe idan mutum ya sha wasu magunguna ko ya shaƙi kafur ɗin da ake sa wa cikin tufafi. Jaririn da aka naɗe da zanen da ya kwana cikin kafur zai iya yin shawara mai tsanani a kwanakin farko.

Ba komai ne ke bin uku bisa ɗaya ba

Mai karatu zai ce, to ai muna ganin baƙi ya auri fara su haifi wankan tarwaɗa, wannan ba cakuɗuwa ba ce? Dokar ba ta canja ba, yawan ƙwayoyin ne ya ƙaru. Launin fata ƙwayoyi da dama ne ke haɗuwa su yi shi, kowace da ɗan abin da take ƙarawa ko ragewa. In aka jefa kwabbai da yawa a lokaci ɗaya, galibi sakamakon tsaka-tsaki yake faɗawa, amma wani lokaci yakan karkata gefe guda, sai a ga yaro ya fi iyayensa duka haske ko ya fi su duhu, ya ɗauko wata kaka da aka manta. Gidaje sun mutu a kan zargin da wannan kaɗai ya isa ya warware.

Tsayi ya fi haka sarƙaƙiya. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya duba mutane sama da miliyan biyar, ya gano wurare kimanin 12,000 a cikin rubutun gado da ke da hannu a tsayin mutum. Duk da haka gado iyaka kawai yake shatawa. Yaron da tamowa ta kama a shekaru biyun farko ba zai kai tsayin da aka rubuta masa ba. Hawan jini da ciwon sukari ma haka suke: ana gadon saurin kamuwa, amma gishiri, ƙiba da zaman wuri ɗaya su ke buɗe ƙofa. Hali da tarbiyya kuwa, masu cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe su tuna cewa ɗan barewa a bayan uwarsa ya tashi yana kallon gudunta. Raba abin da aka gada da abin da aka koya a nan yana da wuya ƙwarai, kuma duk wanda ya ce wata ƙabila ko wani gida an haife su da sata ko rowa a jini, ba daga ilimin gado ya samo ba.

Takardar da za a nema

Kalmar “rukunin jini” ta jawo ruɗani, domin ana kiran abubuwa biyu da ita. Na farko shi ne A, B, AB da O, wanda Faransanci ke kira groupe sanguin, ana buƙatarsa wajen ƙarin jini. Shi ma gadonsa ake yi, kuma O mai laɓewa ce, don haka uba A da uwa B na iya haihuwar ɗa O ba tare da wani abin zargi ba. Alamar ƙari ko ragi da ke gefensa tana da muhimmanci ga mai ciki: mace mai alamar ragi da ta haifi jariri mai alamar ƙari tana buƙatar wata allura cikin awa 72 don kare cikin da zai biyo baya. Amma duk wannan bai faɗi komai a kan sikila ba. Mutumin da katinsa ya ce A+ zai iya zama AS. A ɗin can daban, A ɗin nan daban.

Na biyun shi ne wanda ake kira jinotayif a Najeriya da Gana. A ƙasashen Faransanci sunan gwajin électrophorèse de l'hémoglobine, kuma da wannan suna ya kamata a nema. Akwai wani gwaji mai araha, test d'Emmel, da ƙananan asibitoci da yawa ke yi. Yana nuna akwai S ko babu, amma ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin C sam. Wanda aka ce masa “négatif” da wannan gwaji zai iya zama AC. Wanda aka yi wa ƙarin jini kuma ya jira wata uku kafin ya yi gwaji, in ba haka ba jinin wani za a auna. Idan aka ga ma'aurata AA da AS sun haifi mai sikila, kafin a fara zargin kowa a sake gwajin su ukun a wani wuri, domin kuskuren ɗakin gwaji ba baƙon abu ba ne, kuma akwai wata ƙwaya mai suna beta-talasemiya da kan laɓe a bayan sakamakon AA.

Lokacin yin gwajin shi ne kafin a kai kuɗin gaisuwa, tun zukata ba su yi nisa ba. Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024, don haka ɗan zangon da zai je ɗaurin aure can ya tafi da shirinsa. A Yamai akwai cibiyar ƙasa da aka keɓe domin wannan cuta.

Ga waɗanda aure ya riga ya haɗa, abin yi shi ne a gwada kowane jariri da wuri, kada a jira kumburi. A Kumasi an fara gwada jarirai tun ranar haihuwa a 1995. Yaron da aka gane da wuri ana ba shi maganin penisilin kullum har ya kai shekara biyar, a cika masa allurar rigakafi, a kare shi daga sauro da sanyi, a yawaita ba shi ruwa, a garzaya da shi asibiti da zarar jikinsa ya yi zafi. Maganin hydroxyurea, wanda ke sa jiki ya koma ƙera himogulobin na zaman ciki, yana rage yawan tashin ciwon, amma sai da kulawar likita. Dashen ɓargo yana warkarwa idan an samu ɗan'uwa da ya dace. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da wani magani mai gyara ƙwayar gadon kanta, sai dai kuɗinsa a Amurka ya haura dalar Amurka miliyan biyu ga mutum ɗaya.